Yadda Ake Bibiyar Bututun Abinci Ga Wanda Aka Yi Wa Tiyatarsa Yana Jariri

Wannan bayani na wanda aka haifa bututun abincinsa bai haɗe da ciki ba ne, aka yi masa tiyata yana ɗan kwanaki, yau kuma ya girma. Sai a 1941 Cameron Haight ya fara cin nasarar ɗinke bututun kai tsaye a Michigan ta Amurka, don haka a 'yan shekarun nan ne aka samu manya da yawa da suka rayu har aka ga abin da ke biyo baya. An ga kansar bututun abinci tana kama wasunsu tun suna shekara talatin da wani abu ko arba'in. Adadinsu kaɗan ne, kada hankalinka ya tashi, amma ya isa a sa ido.

Da farko ka nemo tarihinka. Tambayi iyayenka tun suna tunawa: ɗinke bututun aka yi, ko an jawo ciki sama, ko an yi maka gada da yankin babban hanji? Wanda aka sa wa hanji, shi ma hanjin yana bukatar dubawa. Ka rubuta, ka adana.

Mataki na biyu shi ne inda na ga mutane sun fi faɗuwa. Likita ya tambaya ko akwai matsalar haɗiya, mutum ya ce lafiya ƙalau. Ba ƙarya yake yi ba, bai taɓa sanin wata haɗiyar ba. Na taɓa zama da wani saurayi yana cin abinci, kofin ruwa na hannunsa na hagu, kowace loma sai ya kora, ya ɗan miƙe wuya, ya jira ta sauka. Kowa ya gama shi bai kai rabi ba. Da na yi magana sai ya ce ai haka yake tun yana yaro. To wannan sabawar ce ke ɓoye ciwo. Jijiyoyin wurin ba sa aiki daidai, asid na iya dawowa daga ciki yana ƙona bututun shekara da shekaru ba ka ji ƙwannafi ba, har fatar cikin bututun ta rikiɗe zuwa abin da ake kira canjin Barrett, wanda kan share wa cutar kansa hanya. Saboda haka ka daina amsa "lafiya". Faɗa wa likita minti nawa kake ɗauka kana ci, ruwa nawa kake sha, me ka daina ci saboda yana maƙale maka, ko tari na tashe ka da dare.

Na uku, a yi maka endoskofi, wato a zura kyamara ta baki. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin cikin yara na Turai da Arewacin Amurka suka fitar a 2016 ta ce a yi lokacin da yaro zai koma hannun likitan manya, sannan duk shekara 5 zuwa 10. A wurina, endoskofin da ba a gutsuri nama daga sama da ƙasan bututun an kai ɗakin gwaji ba, rabin aiki ne. Na san gwajin naman na ƙara kuɗi, amma in za ka rage wani abu kada ya zama shi. Hoton bariyum, wato hoton X-ray da ake ɗauka bayan ka sha wani farin ruwa, ya fi araha, sai dai ba ya nuna rikiɗar fata.

In an samu Barrett, likita zai matso da lokacin dubawa, ya ba ka maganin rage asid irin omeprazole. Kada ka daina shan maganin ba da izinin likita ba. Sigari da giya ka rabu da su gaba ɗaya. In haɗiya ta ƙara wuya, ko rama ta zo ba dalili, ko amai da jini, ko baƙin bayan gida, ka je a makon, kada ka jira ranar da aka rubuta maka.