Yadda za ka koya wa kwamfuta karanta abin da ke ƙarƙashin ƙasa a duniyar wata

Ka fara da datar Yutu-2, motar binciken ƙasar Sin da ta sauka a ramin Von Kármán ranar 3 ga Janairun 2019, can ɓangaren duniyar wata da ba ma gani daga nan. Tana ɗauke da rada, na'urar da ke harba sigina cikin ƙasa ta karɓi amon da ya dawo, mai zango biyu, 60 MHz da 500 MHz. Shawarata ka kama na 500 ɗin, ya leƙa har wajen mita 40 kuma hotonsa ya fi tsabta, na 60 akwai hayaniyar jikin motar kanta a ciki, masana ma suna ta jayayya a kansa.

Sai tsaftace data. Duk inda motar ta tsaya radar na kunne, layi ɗaya ne na hoton radar yake ta maimaituwa, goge maimaicin, ka cire amon da ke fitowa iri ɗaya ko'ina, sannan ka ƙara wa siginar ƙasa-ƙasa ƙarfi don tana raunana da zurfi.

To ga inda gizo ke saƙar. Babu wanda ya haƙa wurin ya gani, ke nan ba ka da amsar da za ka nuna wa kwamfuta ka ce mata wannan dutse ne. Dole ka ƙera naka misalan. Akwai manhajar gprMax, kyauta ce, ka gina ƙasar bogi a ciki, busasshiya ƙayau tunda ba danshi a can, ka binne duwatsu manya da ƙanana a zurfi daban-daban, ta fitar maka da hoton rada. Dutse guda yakan fito kamar baka da aka kife, faɗin bakan ne ke nuna gudun sigina a cikin ƙasar, daga nan ake lissafa zurfi. Don Allah kar ka jera duwatsun tsaf-tsaf, ka cakuɗa su su hau juna ka zuba hayaniya, in ba haka ba kwamfutar za ta saba da sauƙi ta rikice ran da ta ga na gaske.

Horar da U-Net ko YOLO, wato manhajojin da ke koyon gane abubuwa a hoto, a kan waɗannan misalan, sai ka ƙara da 'yan hotunan gaske da ka yi wa alama da hannu.

Wajen gwaji kar ka tsinci layuka barkatai, maƙwabtan layuka kusan abu ɗaya ne, sakamako zai yi kyau na ƙarya. Ware wani yankin hanyar da motar ta bi sukutum ka ɓoye wa kwamfutar. Masana sun riga sun nuna mita 12 na sama ƙasa ce mai laushi, manyan duwatsu sun fi yawa daga nan zuwa 24, in kwamfutarka ta cika saman da duwatsu koma ka duba misalanka.