Yadda na shawo kan irin salak da ya ƙi tsirowa

Sau biyu ina zuba irin salak a fangalin bayan ɗakina a nan Zariya, farkon Oktoba, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba. Na zaci irin ne ya tsufa, na sake sayo ƙunshin wani irin salak da ake kira Great Lakes. Shi ma shiru.

Ashe zafin ƙasa ne. Irin salak, da zarar ƙasa ta kai wajen digiri 30, sai ya kwanta ya ƙi motsi, ko da lafiyarsa ƙalau. A Oktoba hunturu bai sauko ba, fangalina kuma rana ke dukansa tun hantsi. Na kuma binne shi da zurfi kamar wake, alhali ƙwayar ƙarama ce, tana son ɗan haske.

Sai na naɗe irin cikin tsumma mai laima, na ajiye a gindin randa kwana biyu, inda sanyi ba ya yankewa. Firji ma zai yi, amma wutarmu ba abin dogaro ba ce. Bayan la'asar na jiƙa fangalin sosai, na gauraya irin da yashi na barbaɗa, na danna da tafin hannu kawai. Na kafa sanduna huɗu na ɗora tsohon zana, iska na ratsawa.

Kwana biyar, ga tsirrai sun yi kore shar. Raina ya yi fari ƙwarai. Da suka yi ganye huɗu na dasa su da tazarar santimita 30, lokacin sanyin Nuwamba ya shigo, na cire zanan gaba ɗaya.