Idan za ka karanci wasan kwaikwayon al'umma a jami'a

Na shiga sashen wasan kwaikwayo da tunanin zan koyi tsayuwa a kan dandamali, fitila ta haska ni, jama'a su tafa. Kafin shekara ta biyu ta ƙare sai ga ni zaune a kan benci a wata unguwa da ba tawa ba, littafi a cinya, wata dattijuwa tana ba ni labarin layin famfo har kusan awa biyu. Zaman nan shi ne darasin ranar, kuma da maki a kansa. Idan kana shirin neman wannan fanni, ko ka riga ka samu gurbi, ga abin da na so a ce wani ya faɗa mini tun farko.

Fara da sanin abin da ka nema. Wannan wasa ne da ake yi tare da mutanen da magana ta shafa, a wurin da suke: makaranta, gidan yari, asibiti, sansanin 'yan gudun hijira, filin unguwa. A jami'o'in Afirka da dama ana kiransa wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma, a Turance Theatre for Development, TfD a taƙaice. Wasu wuraren digiri ne mai zaman kansa, kamar a makarantar Royal Central da ke Landan, wasu kuma kwas ɗaya ne ko biyu a cikin digirin wasan kwaikwayo. Kada sunan kwas ya ruɗe ka. Nemi manhajar sashen, ka ƙirga makonni nawa ɗalibai ke yi a wajen aji. In ka samu wanda ya gama, tambaye shi abu ɗaya: wurin da kuka je aiki, ajin da ke bayanku sun koma can kuwa? Sashen da ke komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara ya san abin da yake yi. Wanda ke sauya wuri kowane zango, yawon buɗe ido yake kai ɗalibansa.

Karatun littafi yana nan, kuma sunaye biyu ba za su bar ka ka huta ba, dukansu 'yan Brazil. Paulo Freire malamin yaƙi da jahilci ne, shi ya soki irin koyarwar da malami ke zuba ilimi a kan ɗalibi kamar mai ajiya a banki. Augusto Boal kuma, wanda aka haifa a 1931 ya rasu a 2009, shi ya ɗauko wannan tunani ya sa shi cikin wasa. Akwai labarin da Boal ya bayar da bakinsa wanda nake ganin ya fi lakca goma. Shi da 'yan wasansa sun yi wa manoma wasa a arewa maso gabashin Brazil, suka rufe da waƙar a zubar da jini don ƙwato ƙasa, bindigogi a hannu. Wani manomi ya ji daɗi, ya ce to su taho da bindigoginsu a je a kori 'yan barandan mai gona. Suka ce ai na wasa ne. Ya ce ba komai, akwai na gaske da za su ishi kowa. Nan suka fara kame-kame, manomin ya gane cewa jinin da ake ta kira a zubar nasu ne, ba na 'yan wasa ba. Daga ranar Boal ya daina ba mutane shawarar da shi kansa ba zai ɗauki haɗarinta ba. Sojoji sun kama shi a 1971, ya yi gudun hijira, kuma a ƙasar Peru, cikin shirin yaƙi da jahilci na 1973, ya ƙara fito da salon da ɗan kallo ke tasowa ya shiga wasa.

Na nahiyarmu ma ka karanta su da kyau. A 1974 aka fara wani shiri mai suna Laedza Batanani a Botswana, inda ma'aikatan wayar da kai suka riƙa kai wasa ƙauyuka. Ross Kidd da Martin Byram, waɗanda suna cikin masu shirin, daga baya su da kansu suka soke shi, suka ce saƙon hukuma ne aka sa wa rigar wasa. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Michael Etherton ya zo daga Zambiya aka fara sashen a 1975, ɗalibai suka riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewaye. A Kenya kuma, manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu sun gina dandalinsu da hannunsu, suka yi wasa da harshen Gikuyu a 1977. Hukuma ta hana wasan, aka tsare Ngugi wa Thiong'o, ɗaya daga cikin marubutan wasan, a Disambar shekarar, a 1982 aka rushe dandalin. Duk wanda ya ce maka wannan fanni wasan yara ne, ba shi wannan labarin.

Yanzu aikin kansa. Ranar farko ba ta wasa ba ce, ta gaisuwa da neman izini ce, daga shugabannin wurin har waɗanda ba kowa ke tunawa da su ba. Ku rarrabu biyu-biyu ko uku-uku, don mutum 20 da littattafai a hannu sun fi kama da masu karɓar haraji. Kada ka buɗe baki da "mene ne matsalarku?" Wanda aka yi wa wannan tambaya zai ba ka amsar da yake jin kana so, ko wadda yake zaton za ta kawo tallafi. Ce masa ya ba ka labarin jiya, daga tashinsa zuwa kwanciyarsa. A cikin labarin za ka ji inda takalmin ke matsa shi. Rubuta kalmomin mutane yadda suka faɗe su, da zaurancensu da ba'arsu, domin su ne za su zama maganganun wasan.

Da yamma ku haɗu ku zube abin da kowa ya jiyo. A nan ne gardama take, kuma a nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Mun ga datti a bakin famfo, muka yanke cewa matsalar rashin tsafta ce, muka shirya wasa mai fitowa huɗu inda wata mata ke sakaci ɗanta ya kamu da gudawa. Ni na fito a matsayin malamin asibiti mai wa'azi. An yi dariya, an tafa, ina ta jin kaina. Da aka zo tattaunawa sai dattijuwar nan ta ce, "Ɗana, ruwan da ke zuwa sau biyu a mako, da shi za mu sha ko da shi za mu wanke hanya?" Ta riga ta faɗa mini haka a kan benci, yana rubuce a littafina. Na ji da kunne, amma na riga na zo da wasana a ka. Ashe maganar ta wanda ke riƙe da makullin famfo ce, da yadda masu sayar da ruwa ke shiga gaban layi.

Sai muka rushe komai, muka sake da mutanen unguwar a ciki. Ga yadda ake yi: ba a rubuta wasan kalma da kalma. Ana tsara ƙashin labari, wane ne ke son me, wa ya tare masa hanya, sannan a riƙa gwadawa ana gyarawa. Idan mutane suna jin nauyin magana, fara da siffa: mutum uku ko huɗu su tsaya cak kamar hoto su nuna layin famfo, sauran su faɗi abin da suka gani, wani ya zo ya gyara hannun wannan ko tsayuwar wancan. Wasan ya zama gajere, minti 15 zuwa 20 ya isa, kuma ya ƙare a inda abu ya lalace wa mai labarin. Kada ka warware. In ka warware, me ka bar wa 'yan kallo?

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne wuya, wanda Boal ya kira joka, kamar na karta, don ba ya cikin kowane gida. Shi ne ke tsakanin 'yan wasa da 'yan kallo. Ana maimaita wasan, duk wanda ya ga inda zai yi dabam sai ya ce a tsaya, ya fito ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada dabararsa, mai makulli kuma ya ci gaba da taurin kansa kamar yadda zai yi a zahiri. Joka ba ya cewa wannan daidai ne, wancan kuskure. Tambaya yake: wannan zai yiwu? Idan wani ya fito ya sa mai makulli ya tuba cikin minti ɗaya, juya ka tambayi jama'a ko sun taɓa ganin haka. Koyi jure shiru, ƙirga goma a zuci kafin ka sake magana. Lura da wanda ke ta magana da wanda bai ce uffan ba, in ta kama a raba zama, mata dabam, matasa dabam. Nemi a ba ka wannan matsayi tun kana aji biyu, ko da za ka kwafsa. Gara ka kwafsa a gaban 'yan ajinku.

Akwai abin da ba na wasa da shi. Labarin da mutum ya ba ka amana ne. Sauya suna da kamanni yadda maƙwabci ba zai gane ba, kada ka ɗauki hoto ko murya sai da izini, kada ka sa wanda aka ci wa zarafi ya sake taka abin da ya same shi don wasanka ya yi armashi. Kai ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, saboda haka san inda za ka tura mutum tun kafin ka buɗe irin wannan magana. Ka kuma tuna motar makaranta za ta mayar da kai, su kuwa da mai makullin za su kwana a unguwa ɗaya.

Maganar aiki bayan digiri, ba zan yi maka romon baka ba: ƙungiyoyin agaji da na kiwon lafiya, koyarwa, rediyo, gidajen gyaran hali, yawanci kwangila ce mai wa'adi. Don haka koyi rubuta takardar neman tallafi da rahoto tun kana makaranta, ka ɗauki kwas ɗaya a sashen nazarin zamantakewa in an yarda. Boal kansa har kansila ya zama a birnin Rio daga 1993 zuwa 1996, yana amfani da wasa wajen tattaro shawarar dokoki daga bakin jama'a.

Mafi yawan makinka zai fito ne daga littafin da kake rubuta abin da ya faru kullum. Rubuta a daren, kafin ka manta wa ya faɗi me. Raba shafi biyu: dama abin da ka gani ka ji, hagu abin da kai ka zata. Nawa na shekarar yana nan, maganar dattijuwar tana dama, a hagu kuma da rubutuna an sa "rashin tsafta", har da ja masa layi biyu.