Kafin ka cire kafireta, duba wurin famfon mai

In za ka mayar da motarka daga kafireta zuwa injekta, ɗaura sabon famfon mai kusa da tanki, ƙasa da gindinsa.

Famfon lantarki turawa ya iya, ba zuƙa ba. In ya yi nisa sai ya riƙa kuka, ya yi zafi, ya ƙone.

Kafireta matsin mai psi 4 zuwa 7 take so (psi ma'aunin matsi ne), injekta kuwa 43 zuwa 60. Tsohon tiyo fashewa zai yi, fetur kan inji mai zafi kuma gobara ce. Sauya tiyon har kilif.

Sa filta mai maikiron 100 (ma'aunin girman ramukan filta) kafin famfo, mai maikiron 10 bayansa.

Amma in tankin ba shingen da ke tare mai a ciki kuma mai ya yi ƙasa, kana shan kwana famfo zai sha iska. Nan sai ka ƙara ƙaramin tanki tsakanin babban tankin da famfon.