Gashin ciwon daji ga mai batirin zuciya: inda ake yin kuskure

Majinyacin da aka tura daga Birnin Kebbi ko Gusau zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Zariya domin gashin ciwon daji, wato ƙona shi da hasken inji, yakan kwaso takardun gwaji kaf, ya baro katin na'urar da aka dasa masa domin bugun zuciya a gida. Wani ma ba zai ambace ta ba, tunda ciwon a mara yake, ita kuwa tana can ƙarƙashin ƙashin wuya. Katin nan ne ke nuna kamfani da samfuri, da ko mai daidaita bugu ce kawai ko mai bai wa zuciya shokin. In ya ɓace, a karɓo bayanin daga asibitin da aka dasa ta kafin ranar awon tsara gashin.

Nisa kaɗai ba ya tsare ta. Idan ƙarfin hasken ya haura megabolt 10, injin na fitar da ƙwayoyin niyutron da ke bazuwa ɗakin, suna iya rikita ƙwaƙwalwar na'urar ta faɗa saitin ko-ta-kwana, ko da ƙugu ake gasawa. Shi ya sa ake tsayawa a 6 ko 10. Kuma ba a bari hasken ya ratsa ta kai tsaye, abin da ya fi wuya ga mai ciwon nonon hagu, tunda galibi a hagu ake dasa ta. Ana lissafa abin da zai same ta tun wajen tsara gashin: ƙasa da gire 2 (gire ma'aunin hasken da ya shiga ne) haɗarin kaɗan ne, sama da 5 sai da sa ido sosai. Ba kasafai ake sauya mata wuri ba.

Ɗora maganaɗisu a kan na'urar ma ba aikin ɗan rakiya ba ne. A kan mai shokin, dakatar da shokin yake yi. A kan mai daidaita bugu, tilasta mata bugu a kan gudu ɗaya yake yi ba tare da sauraron zuciya ba. Likita ne zai ce a ɗora.

Sai masu kama hanyar gida da zarar an gama, saboda kuɗin masauki ya ƙare. A fahimce su, amma a tsaya likitan zuciya ya karanta na'urar da kwamfutarsa, kamar yadda ya yi kafin a fara, a kuma karɓi ranar dawowa. Jiri, suma, faɗuwar gaba, ƙarar na'urar ko shokin ba dalili, a garzaya asibiti a ranar, kada a ce gajiyar gashi ce.