Yadda Mai Yawan Tafiya Zai Zaɓi Kamfanin Jirgin Sama Ɗaya Ya Riƙe

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sau huɗu a shekara, in kullum tikitin da ya fi araha yake bi, zai kashe miliyoyi amma babu kamfanin da ya san da zamansa. Wanda ya riƙe kamfani ɗaya kuwa, makin da kamfanin ke ba shi a kan kowace tafiya taruwa yake yi har ya zama ƙarin kilo da tikitin kyauta.

Fara da ɗauko fasfo ka duba tamburan shekara biyu da suka wuce. Garuruwan da ka fi zuwa su ne za su yi maka zaɓi. Sannan ka dubi filin da kake tashi. Daga Kano, Ethiopian Airlines na yada zango a Addis Ababa, EgyptAir a Alƙahira, Qatar Airways kuma, wanda ya fara zuwa Kano a 2022, a Doha. Dukansu suna kaiwa Guangzhou. In kamfanin sai ka je Legas ko Abuja kafin ka hau shi, to ka haɗa kuɗin jirgin cikin gida da na otal cikin lissafi, domin sau da yawa nan ne arahar take ƙarewa.

Abu na biyu, ka san ƙawancen da kamfanin yake ciki. Nan ne mutane da yawa ke yin asara ba tare da sun sani ba. Manyan ƙawance uku ne a duniya. Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, ya haɗa Ethiopian da EgyptAir da Turkish Airlines da Lufthansa. Oneworld na da Qatar Airways da British Airways da Royal Air Maroc. SkyTeam na da Saudia da Kenya Airways da Air France da KLM. Emirates ba ya cikin kowanne. Amfanin wannan shi ne, in kana da lambar ShebaMiles, wato shirin maki na Ethiopian, ranar da ka hau EgyptAir za ka iya bayar da ita a zuba maka maki. In ka kai matakin zinare na Star Alliance, kamfanonin ƙawancen za su bar ka ka shiga ɗakin hutu na manyan fasinjoji, su ƙara maka kaya, ka kuma riga wasu shiga jirgi. A ganina, mai tashi daga Kano wanda ke haɗa Sin da Masar da Turkiyya, Star Alliance ya fi yi masa daidai. Wanda Umara ce yawancin tafiyarsa, ya dubi Alfursan, shirin maki na Saudia.

Na uku, kaya. Yawancin tikitin talaka a hanyoyinmu jaka biyu ne, kowace kilo 23, amma akwai tikiti mai rahusa da ake rage wannan. Tambayi farashin jaka ta uku tun kafin ka biya.

Daga nan sai ka yi rajistar shirin maki. Kyauta ne, a intanet ake yi. Ka rubuta sunanka daidai da yadda yake a fasfo, domin Muhammad da Mohammed sun isa su hana makinka shiga. In ejan ne ke yanko maka tikiti, ka ba shi lambar duk tafiya, ka kuma tambaye shi ajin tikitin, saboda mafi araha kan kawo maki kaɗan. Ajiye katin shiga jirgi har sai ka ga makin ya bayyana, kuma ka riƙa duba lokacin da zai lalace.

Kada ka yanke hukunci da tafiya ɗaya. Gwada kamfanin sau biyu ko uku, ka ga awa nawa kake zama a zango, da yadda suke yi da kai in an ɗage jirgi ko jaka ta ɓata, da ko suna da ofis a garinku da za ka iya zuwa da ƙafarka.

Sai ka tanadi kamfani na biyu. Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Na biyun ya kasance cikin ƙawance ɗaya da na farko, yadda ko ka canza jirgi, makinka zai ci gaba da shiga asusu ɗaya.