Yadda ake kafa gidauniyar dasa burauza a kan babbar manhajar masu sha'awa

Babbar manhajar kwamfuta (wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kamar Windows) irin wadda masu sha'awa suke ginawa don nishaɗi da ƙarin ilimi, kamar Haiku da aka fara a 2001 domin maye gurbin wata tsohuwar babbar manhaja mai suna BeOS, ko SerenityOS da Andreas Kling ya ƙirƙiro a 2018, ba ta cika samun masu amfani ba matuƙar ba ta da burauza mai buɗe shafukan zamani. Idan ku ƙungiya ce a nan Kaduna, misali ɗaliban kwamfuta na KASU ko Kadpoly, kuma kuna son a haɗa kuɗi don dasa burauza, wato a gyara wadda ake da ita ta yi aiki a kan babbar manhajarku, ga hanyar da ta fi dacewa ku bi.

Da farko ku tsai da shawara kan injin da za a dasa, wato ɓangaren burauza da ke karanta shafi ya nuna shi a fuska, tun kafin ku nemi kwabo a wurin kowa. Manyan injuna uku ne: Gecko na Firefox, WebKit na Safari, da Blink na Chrome wanda aka tsago daga WebKit a 2013. Haiku ta zaɓi WebKit don burauzarta WebPositive. Shi Firefox ba ya haɗuwa sai da yaren rubuta manhaja mai suna Rust, saboda haka in babbar manhajarku ba ta ɗaukar Rust, aiki biyu ne a gabanku. Ga ƙaramar manhaja, a ganina NetSurf, wani ƙaramin burauza mai injin kansa, ya fi sauƙin farawa, ko da yake shafuka masu nauyi sun fi ƙarfinsa.

Na biyu, ku samo wanda zai yi aikin, ya fara nuna ɗan abin da ya iya, ko da shafi ɗaya ne ya buɗe. Jama'a sun fi sakin hannu idan sun gani da idonsu.

Na uku, kuma nan ne akasarin gidauniyoyi suke tuntuɓe, ku rarraba aikin zango-zango, kowane zango da kuɗinsa. Zangon farko shi ne dasa ginshiƙan da injin yake dogara da su, wato na zana haruffa da hotuna da na tsare sadarwa. Sai a sa injin ya haɗu ba tare da kuskure ba, sannan taga da maɓallai, sauti da bidiyo su zo daga ƙarshe. Kada a biya kuɗin zango sai an ɗora aikinsa a fili, a GitHub (shafin ajiye tushen manhaja) ko makamancinsa, wasu sun gwada sun tabbatar. Haka kuma lallai ne a ware wani kaso don kulawa bayan an gama, domin Firefox yana fitar da sabon zubi akai-akai, kuma burauzar da aka daina toshe wa ɓarakar tsaro haɗari ce ga mai shiga asusun bankinsa da ita. Kuɗin data da na sola su ma su shiga lissafi, tunda haɗa injin burauza yakan ci sa'o'i, wutar NEPA kuwa kun san halinta.

Na huɗu shi ne inda kuɗin za su zauna. Shafin tara kuɗi na Kickstarter ba ya ba mazauna Najeriya damar buɗe gidauniya kai tsaye, don haka kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack ko Flutterwave sun fi kusa. Kada kuɗin su shiga asusun mutum ɗaya, kome amanarsa. Ku yi wa ƙungiyar rajista da hukumar CAC, ku buɗe asusun da sai mutum biyu sun sa hannu, ma'aji kuma ya riƙa wallafa abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata. Ku bayyana cewa gudummawa ce, ba hannun jari ba, kuma ku rubuta tun farko abin da za a yi da kuɗin idan ba su kai adadin da ake nema ba.

Kafin ku saki burauzar, ku duba lasisi. Tushen Firefox a buɗe yake ga kowa, amma sunan da tambarinsa mallakar Mozilla ne, saboda haka wanda ya sauya shi sai ya raɗa wa nasa suna dabam, kamar yadda masu babbar manhajar AmigaOS 4 suka kira nasu Timberwolf.